Muryar Mai Maganin Ɓera

Ban taɓa son lasifikar nan ba, gara in faɗa tun da farko. Ta maƙwabcina ce, wanda katanga ɗaya ta raba gidana da nasa a Dogon Dutsi. Sana'arsa sayar da maganin ɓera da na kyankyaso, yana yawo da su a kwali bayan keke. A gaban keken ya ɗaure 'yar lasifika mai mariƙi, irin wadda ake ɗaukar murya a ciki sau ɗaya ta yi ta maimaitawa har batir ya gaji. Mai hankali sai ya bari ya kai bakin kasuwa kafin ya kunna. Shi kuwa tun daga ƙofar gida yake kunnawa, daidai lokacin da na dawo daga makaranta na kishingiɗa in ɗan runtsa.

"Ɓera, ƙarshenka ya zo! Kyankyaso, yi bankwana da ɗiyanka! A sa da dare, a share da sahe!"

Na sha leƙa kai ta katanga in yi masa magana. Sai ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Mushe," haka ake kiran malamin makaranta a wajenmu, "ai don kai nike kunnawa. Ina jin ɓerayen gidanka ta katanga, har shawara sukai bisa hatsinka." Ban taɓa cin galaba a kansa ba. Ko na shirya faɗa sai in ƙare da dariya, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan an gama kaka, bai jima ba ya rasu. Unguwa ta yi tsit da rana. Na samu shirun da nake nema, barcin ne ya ƙi zuwa.

Watanni suka wuce, bazara ta kama gari, irin zafin da ko ruwan randa sai ka ji shi ɗumi. Wata rana da la'asar matata ta shigo da wani abu a naɗe cikin tsohon zane, ta ajiye a kan teburina. Tun kafin ta kwance na gane siffarsa. Ta ce matar marigayi ce ta aiko ta. Ƙanin mamacin ya ɗauki lasifikar da niyyar ci gaba da sana'ar, ya kunna bai ji komai ba, ya kai wa mai gyaran rediyo na bakin tasha. Shi kuma ya dudduba, ya ga kamar batir ne ya yi sanyi, sai ya jona mata batirin babur. Hayaƙi ya tashi. Ƙanin ya dawo da gawar lasifikar ya jefa bayan rumbu, a can matar ta tsince ta.

Na ce, "In ta ƙone ai ta ƙone. A sayi sabuwa, kasuwa cike take da su."

Matata ta dube ni irin kallon da take yi mini in na yi maganar da ba ta dace da mai furfura ba. "Ba gyara take so ba. Muryar take so. Ko sau guda ta ji ta."

Sai a nan na tsaya na yi tunani. Mutumin nan 'yar waya mai maɓallai yake riƙewa, bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa, wanda ya fito kamar an kama shi da satar akuya. Allah bai ba su haihuwa ba. Takaba ta kusa fita, kuma da ta fita yayyenta za su zo ranar kasuwa su tafi da ita ƙauyensu, can gaba da Sukukutane, gidan kuma ya koma hannun dangin miji. Abin da ya rage mata na muryar mijinta shi ne tallan maganin ɓera, shi ma in yana nan.

Ni malamin fizik ne a kwaleji, wato kimiyyar wuta da motsi, ba mai gyara ba. Amma tun ina saurayi ba na iya ganin abu ya mutu ban kwance shi ba, kuma ɗakina ya shaida: rediyoyi ba baya, dikodojin kama tashoshin talabijin ba murfi, wayoyi a kwano kamar taliya. Na kwance lasifikar, warin ƙuna ya bugi hancina. Babbar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da komai, wani baƙin ɗigo a tsakiyar farantin da kayan cikinta suke manne a kai, ta tsage. Amma a gefenta akwai wata 'yar ƙwaya mai ƙafa takwas, ba ta kai ƙwayar wake ba, ita ce ma'ajiya, a cikinta murya take zama. Daga waje ba abin da ya same ta. Idan na iya karanta abin da ke cikinta na kwafe, zan rubuta shi a ƙwayar wata lasifika irin wannan, ta yi magana da muryarsa.

Ina da abin karantawa. Wata 'yar na'ura ce tsawon yatsa da ake cusawa a gefen kwamfuta, masu sana'a suna ce mata forogaramater, ni makaranciya nake ce mata. Wani direba ya sayo mini ita daga Yamai. Na sha amfani da ita a kan dikodojin da suka maƙale suka ƙi tashi: a kwafo daga mai lafiya a zuba wa maras lafiya. A can in ka yi kuskure sai ka goge ka sake, ba wanda zai yi kuka. Ban taɓa ɗora ta a kan abin da ba shi da na biyu ba.

Na ce wa matata ta ce mata zan duba. Ta ce, "In ce za ka iya?" Na ce ta ce zan duba, kada ta ƙara ko gishiri.

Tun ranar farko makaranciyar ta fara nuna mini hali. Na cusa ta, kwamfutar ta yi kamar ba ta ga baƙo ba. Na cire na mayar, na sake kunnawa, na zagi wanda ya ƙera ta da wanda ya sayo ta. Daga baya na lura ramin da ake cusa ta ne ya yi sako-sako don tsufa, in na danna ta sama 'yar fitilarta ta kama, in na saki ta mutu. Na tokare ta da tsinken ashana. Malamin fizik, da takardunsa, da tsinken ashana.

Akwai wani maƙali mai haƙora takwas, kamar na shanya, da ake kama ƙwayar da shi ba tare da an cire ta daga faranti ba. Na maƙala, ya zame. Na sake, ya zame. Da ya kama, na danna wurin karantawa ina riƙe da numfashi. Shafi ya cika da harafi ɗaya tak, F F F F, daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi.

Haka ƙwaya take nunawa idan babu komai a cikinta. Amma haka ma take nunawa idan makaranciyar ba ta taɓa ta ba sam. Babu yadda za ka bambanta da ido. Ko dai batirin babur ya share mutumin nan, ko kuma yana nan ni ne ban kai gare shi ba. Na tashi na zagaya tsakar gida, na dawo na zauna, na sake tashi. Ta bayan katanga ina jin ƙarar tsintsiyar matar marigayi, a hankali, kamar mai sharar da ba ta son ta ƙare.

Wani abu kuma ya ƙara tayar mini da hankali. A fuskar kwamfutar, wurin da ake dannawa a karanta da wurin da ake dannawa a goge suna maƙwabtaka, ɗan yatsa ne tsakaninsu. Hannuna kuwa ya saba da aikin dikoda, inda gogewa ake fara yi. Sau ɗaya na tsinci kibiyar a kan gogewa ban san yadda ta je ba. Na janye hannu kamar na taɓa garwashi. Na yanko 'yar takarda na shafa mata gam na manna a kan gilashin, daidai wurin. Matata ta gani ta ce yanzu kuma laya nake yi wa kwamfuta.

Kwanakin da suka biyo baya ban koyar da abin kirki ba. Ina tsaye gaban allo ina maganar nauyi da gudu, raina yana kan tebur a gida. Da an tashi sai in hau kabu-kabu maimakon in taka kamar yadda na saba, in iso in tarar an ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da rasuwa. Sai in zauna ina kallon fankar da ba ta juyawa, gumi yana bin bayana. Da yamma matata takan leƙa gidan makokin ta dawo. Sai ta tsaya a bakin ƙofa. Wannan tsayuwar ta fi tambaya ciwo.

Ranar da wuta ta zauna na lura da abin da ya kamata in gani tun farko. Da na maƙala wa ƙwayar maƙali, fitilar makaranciyar sai ta dusashe. Farantin da ya ƙone ne yake shanye wutar, ba ya barin komai ya kai ga ƙwayar. Ke nan ban karanta ta ba tukuna. Na yi hamdala a bayyane. Amma murnar ba ta daɗe ba, don ma'anarsa sai na cire ta daga farantin da ƙarfe mai zafi, kuma zafi in ya yi yawa yana kashe irin waɗannan.

Kafin in taɓa ta na je kasuwa na nemo lasifika irin tasa sak, launi ne kawai ya bambanta. Na biya ta bakin tasha wurin mai gyaran rediyon, dattijo ne mai fara'a, yana zaune da ƙarfen dalmarsa a cikin gawayi. Na tambaye shi me da me ya yi wa lasifikar. Ya ce, "Wallahi Mushe, ba ni yi mata komi ba. Na gwada ta yadda aka saba, ta ƙiya, nis sa mata batir, tab busa hayaƙi. Kayan yanzu na, ba su da ƙwari." Na bar shi a haka.

Na ce bari in fara gwaji da ƙwayar wata matacciyar dikoda. Ina cikin haka na tuna wani abu da na taɓa karantawa a waya, cewa irin waɗannan makarantan masu araha suna tura wuta fiye da kima. Na ɗauko ma'auni na auna ƙafafun. Bolt biyar. Ƙwayar kuwa uku da 'yan kai take ɗauka. Ƙwayoyin dikoda suna jurewa, shi ya sa ban taɓa kula ba, amma wa ya san jurewar wannan, wadda ta riga ta sha batirin babur? Na tuna sau nawa na maƙala mata maƙalin nan. Abin da ya kwantar mini da rai kaɗan shi ne farantin nan da ya ƙone, mai shanye wuta, wataƙila shi ne ya tare mata.

Gyaran makaranciyar kanta ya ci mini yini. Sai an ɗaga ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafunta masu siririn gashi, a ja mata waya zuwa inda wutar take daidai. Tabarau a hanci, gumi yana ɗiga a kan aikin. Na ƙona yatsa, na tsotse, na ci gaba. Da na sake aunawa na ga uku da 'yan kai, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Washegari na fito da tebur ƙarƙashin rumfa don haske. Na narka dalma a ƙafafun ƙwayar gefe da gefe, na kama ta da hantsaki, na ɗaga. Ta fito lafiya. Sai hantsakin ya tsuke, ta yi tsalle, na ji ɗan ƙas a wani wuri, ban ga inda ta faɗa ba.

Kajin matata suna kiwo a gindin rumfar.

Ban san ina da irin wannan muryar ba sai ranar. Na daka tsawa, kaji suka watse, matata ta fito da ludayi a hannu tana salati. Na ce kada kowa ya motsa, kada a taka ko'ina. Muka durƙusa ni da ita muna tace rairayi da yatsu. Wata jar kaza ta tsaya nesa tana haɗiyar wani abu, tana kallona da ido ɗaya. Na rantse a raina in ban ga ƙwayar nan ba yau za a ci dambun kaza a gidan nan, kuma ni zan buɗe ƙundunta da hannuna. Matata ce ta gan ta, ta maƙale a saƙar tabarma, ƙafafu sama kamar mataccen ƙwaro. Ta miƙo mini ta ce, "Ka shiga ɗaka da aikinka, tun ba ka kashe mini kaji ba."

A ɗaka na zaunar da ita a kan makaranciyar, na duba ɗigon da ke nuna ƙafar farko har sau ba adadi, don in ka juya ta baibai shi ke nan. Na danna. Wannan karon shafi ya cika da lambobi da haruffa iri-iri, a cakuɗe. Akwai abu a ciki. Na ajiye kwafin, na sake karantawa don in gwada biyun. Ba su zo ɗaya ba. Na karanta na uku, shi ma da nasa. Ƙwaya ɗaya, labari uku, wanne ne nasa? Na goge ƙafafun da alkol, ruwan nan na wanke ciwo, na hure ramukan makaranciyar, na sake gyara tsinken ashanar da ya ɗan goce. A ƙarshe dai tsinken ne. Da na tokare shi da kyau, karatu biyu suka zo daidai, na uku ma haka.

Na cire ƙwayar sabuwar lasifikar, na rubuta mata abin da na kwafo, na mayar da ita. Na cusa tsumma a bakin lasifikar don kada sauti ya tsallaka katanga kafin lokaci. Na kira matata, na rufe ƙofa. Ina jin kaina kamar wanda ya haƙa rijiya shi kaɗai. Na danna.

"Alo, alo. Un, deux. Un, deux. Alo. Kai, wagga aba ta mutu."

Ta sake maimaitawa. Muryar mai gyaran rediyo ce, yana ƙirga ɗaya, biyu da Faransanci.

Matata ta zauna a bakin gado. Ni kuwa takalmi kawai na zura, ban san lokacin da na isa bakin tasha ba. Ashe lokacin da aka kai masa ita ba ta mutu ba, sauti ne kawai ba ya fita. Shi kuma da bai ji komai ba sai ya bi maɓallan yana dannawa ɗaya bayan ɗaya yana magana a ciki, har da na ɗaukar murya. Na faɗa masa abin da ya yi, da murya sama, mutane suna kallo. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Innalillahi. Ba a hwaɗa mini akwai abu ciki ba. Mushe, ko ga biki ko ga masallaci, wa ka kama lasifika bai ce alo ba?"

Ni kaina ranar taron iyaye a makaranta haka nake fara yi. Na juyo da fushina ban sami inda zan ajiye shi ba.

Takaba ta fita a makon nan. Ina jin mata suna shiga suna fita, ana wanke-wanke, ana ɗaure kaya. Matata ta ce, "Kasuwa mai zuwa za su zo. In hwaɗa mata gaskiya ta san inda ta kwana?" Na ce ta dakata. Ta ce in dakata da me? Ban sani ba. Na kasa ci, na kasa zama, na kwance abin da ba ya buƙatar kwancewa na mayar. Abin da ya fi cina shi ne na san tallan nan a ka, kalma da kalma, da inda yake jan "ɗiyanka", da inda muryarsa take ɗan karyewa. Yana cikin kunnena ni da ban so shi ba, ita kuwa da take so ba ni da hanyar ba ta.

A aji abin ya zo mini. Na shiga bayan malamin tarihi, wanda ya saba cika allo daga wannan bango zuwa wancan. Lissafi ɗaya gajere zan rubuta, don haka na goge kusurwa ɗaya kawai na rubuta, sauran darasinsa yana nan a gefe. Na tsaya da alli a hannu. Alo ɗin dattijon nan gajere ne. Lambobin da na gani a kwamfuta kuwa sun yi nisa, shafuka da yawa. Ke nan shi ma kusurwa kawai ya goge, sauran tallan yana nan a gefe. Na ba yara aikin da ban duba ba, na fita kafin a kaɗa ƙararrawa.

To amma ta yaya lasifika take sanin inda za ta tsaya ta koma farko? Dole akwai wurin da take rubuta tsawon maganar. Na sa wata ƙwayar banza a sabuwar lasifikar, na ɗauki gajeren tari na karanta, na ɗauki doguwar ƙirga na karanta, na jera biyun ina bin su da yatsa. A can farkon shafi wasu 'yan lambobi ne suke canzawa, ƙanana ga tari, manya ga ƙirga. Na koma kan kwafin mutumina, na ƙara lambobin nan har iyakarsu. Cirewa, rubutawa, mayarwa, duk lokacin da na gwada sai na narka dalma. Gwajin farko ƙara kawai ta fito kamar ana suyar ƙosai. Na biyu ba ta ce uffan ba, na sa lambobin a juye. Wuta ta tafi, ta dawo. Ana jibi kasuwa na gwada na uku, ni kaɗai a ɗaka, tsumma a bakin lasifika.

Alo, alo, un, deux. Wagga aba ta mutu. Sai ɗan ƙaras.

"…da ɗiyanka! A sa da dare, a share da sahe!"

Shi ne, da ɗan karyewar muryar da komai. Rabin tallan ya tafi, rabi yana nan. Na kai hannu zan kashe, sai na ji wani ƙaras ɗin, kuma muryarsa ta dawo, amma ba irin ta kasuwa ba. Wannan a kusa take, a cikin ɗaki. Ashe shi ma ya taɓa ɗaukar wata doguwa kafin ya ɗora tallan da muka sani a kanta, wutsiyarta ta rage a ƙasa.

"…kyankyaso, yi ban… yi ban…" Sai dariyar mace ta katse shi, dariya sosai, har da shaƙewa. "Ke ɗiyar mutane, bari dariya mana, shina ɗauka hwa! To taho ki hwaɗa da kanki, in kin hi ni murya." Dariyar ta ƙaru, shi ma ya fashe da tasa. Wani abu ya faɗi, kamar kwano. Daga nan babu komai.

Na daɗe a zaune. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka da matar nan, gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kanta a sunkuye, ban taɓa jin dariyarta ba. Na ji kunya kamar na leƙa ɗakin mutane. Na kuma ji kewar mutumin nan ta kama ni, kewar da ban ji ba ko ranar jana'izarsa. Ban sake saurara ba. Na yanke alo ɗin dattijo daga farko, na rubuta sauran, na tsinke wayar maɓallin ɗaukar murya gaba ɗaya don kada wani mai gwaji ya sake samun hanya. Na cika batirin. Matata ta tambaye ni me na samu, na ce ta kai mata kawai, kuma ta gaya mata ta kunna ita kaɗai.

Ba a samu kaiwa ba sai ranar tafiyar, don gidan bai rabu da baƙi ba. Da hantsi yayyenta biyu suka zo da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin masu iya rairayin hanyar Sukukutane. Ana ɗora gado da kwanuka da buhun tufafi, na fita na kama musu igiya don in sami abin yi da hannuna. Matata ta wuce mu da abin a naɗe cikin zane, ta shige.

Muna cikin ɗaure katifa muryar ta tashi daga cikin gida, da dukkan ƙarfinta, na manta ban rage ba. "…da ɗiyanka! A sa da dare, a share da sahe!" Babban yayan ya saki igiya. Wata tsohuwa da ke wucewa da tulu ta tsaya cak tana neman tsari, ta ce wace iska ce wannan da rana tsaka. Mai shagon kusurwa ya fito har tsakiyar hanya yana duban inda keke zai ɓullo. Sai ga farkon dariyar nan, kaɗan kawai, kafin a murɗe sautin ƙasa. Daga nan ba mu ƙara jin komai ba.

Muka gama ɗaurin, muka sake duba shi ba don yana buƙata ba. Direba ya kashe mota ya koma inuwa. Ni na kasa tsayawa wuri ɗaya, daga ƙofar gidana zuwa gindin bishiyar bedi, daga gindin bedi zuwa ƙofa. Ban san ko na kyauta ba ko na fama mata ciwo ranar da za ta bar ɗakinta.

Da matata ta fito idanunta sun yi ja. Ta jawo ni gefe, inda mazan ba za su ji ba.

"Ta kanga ta ga kunne, ta ƙi ajewa," ta ce. "Ta ce can garinsu babu kuran, ba wutar da za ta cika batir. Ta ce in tambaye ka, in batir ya ƙare, shina nan ciki?"

Na buɗe baki zan yi mata bayani irin na aji, sai na fasa.

"Je ki ce mata shina nan."